Sifili Ko Hamsa

Haladu na durƙushe a kan akwati ya danne shi da gwiwa, matarsa Sauda na fama da zif, sai wayarsa ta yi ƙara a kan katifa.

"Kada ka tashi," in ji Sauda. "Wallahi in ka ɗaga gwiwar nan komai zai watse, kuma ba ni zan sake shiryawa ba."

Bai tashi ba, hannu kawai ya miƙa ya jawo wayar. Saƙon murya ne daga Kawu Rafi'u, kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarsu a nan Jidda, Zaratan Hindawiyya. Tun kafin ya danna ya san maganar wasan yau ce. Yau Juma'a, bayan la'asar za a buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni a wani fili a unguwar Mahjar, ranar Talata kuma jirginsa zai tashi zuwa Kano. Kafilinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya rufe shagon gyaran mukayyif, na'urar nan ta sanyaya ɗaki da ya kwashe shekara goma sha tara yana kwancewa yana ɗaurawa, ya buga masa bizar fita wadda ba a dawowa. A duk shekarun nan, in ka cire watan azumi da lokacin aikin Hajji, da wuya ka ƙirga Juma'a goma da bai buga wa Zaratan ba. Ta yau ce ta ƙarshe, in an sa shi. Shi kuwa ya riga ya sa wa ransa ba za a sa shi ba.

Muryar Kawu ta fito, Hausa rabi Larabci rabi, yadda haifaffun Jidda ke yi.

"Salamu alaikum ya shabab. Kun ce ina son kai, kun ce a bi takarda, to ga takarda a hannuna. A gaba, Meshari ba magana. Wanda zai tsaya kusa da shi: Hussaini ya ci uku, Haladu ya ci hamsa. Haladu ne zai fara. Halas. Kada wanda ya kira ni, na kashe waya sai mun haɗu a fili."

Sauda ta saki zif ɗin ta dube shi.

"Hamsa? Abban Razan, yaushe ka ci biyar? Ko a barci kake zuwa wani wasan ban sani ba?"

Haladu ya sake sauraron saƙon. Hamsa ɗin dai na nan. Shi da kansa ya san bana ko sau ɗaya bai jefa ƙwallo a raga ba. Sau ɗaya ya daki ƙarfe, sau ɗaya kuma ya daki gilashin wata mota da aka ajiye a bayan fili.

Asalin takardar nan kuwa Zaharaddeen ne. Shekara biyu ke nan da zuwansa daga Zariya da digirinsa na lissafi, ya samu aiki a wani sito. A can ya haɗu da wani ɗan Filifin mai son bezbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da kulki. Mutumin ya nuna masa cewa a can komai ƙirga shi ake yi, har yawan matakan da ɗan wasa ya taka. Shi ke nan Zaharaddeen ya kamu. Tun daga ranar ba a sake kallon ƙwallo da shi cikin kwanciyar hankali ba. Kowa na ihu a bakin fili, shi yana tsaye da biro. Ya hura wa 'yan kallo wuta har suka taru suka ce wa Kawu ya daina zaɓen 'yan wasa da zuciya, a bi alƙaluma. Kawu ya ji haushi, ya ce to a kawo takardar, abin da ta faɗa shi zai yi. Jiya Zaharaddeen ya kai masa ita, an ja layi da rula, har da lambar wayarsa a ƙasa wai domin ƙarin bayani.

"Bari in sayo mana ful," in ji Haladu, wato dafaffen waken nan na karin kumallo. Yana ɗaga gwiwa akwatin ya wangale baki, Sauda ta bi shi da harara har ƙofa.

Tun daga kwanar layi ya jiyo muryar Zaharaddeen. Shagon ful da tamis na Hindawiyya nan ne majalisar magoya bayan Zaratan duk safiyar Juma'a, kuma yau har waɗanda ba su saba fitowa da wuri ba sun fito. Zaharaddeen na tsaye da waya a hannu, yana nuna wa kowa hoton takardar.

"Ku duba don Allah! Wannan mene ne? Sifili ne! Ziro! Ni na rubuta da hannuna!"

Abdulghaffar, direban motar ruwa wanda a Hindawiyya aka yanke masa cibiya, ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, kamar mai duba gwal.

"Ya akhi, wannan hamsa ne."

"Sifili ne!"

"A Zariya sifili ne. Nan Jidda ce. Tun ina makaranta, in malami ya zana ƙwai, biyar ke nan. Sifir ɗigo ne kawai, kamar kashin ƙuda. Kai ka zana wa Kawu ƙwai ƙato, me kake so ya ce?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Gaskiya ce kuma, a lambobin Larabawa biyar kewaye ce, sifili ɗigo.

"To in haka ne, ukun Hussaini fa?" Zaharaddeen ya ce. "Ya aka yi ya karanta ta daidai?"

"Ka gode wa Allah. Ukunku in ka juya ta arba'a ce a wurinmu. Ko an ba Hussaini huɗun, hamsa ta fi ta. Ta ko'ina Abu Razan ya ci."

Sai a lokacin suka lura da Haladu. Aka yi masa ca. Wani ya miƙe ya ba shi kujera wai ga mai ƙwallo biyar, wani ya ce a ƙara masa man zaitun a ful ɗinsa kyauta. Haladu ya yi yaƙe ya miƙa kwanonsa ga mai shago.

Zaharaddeen ya sassauta murya, domin yaro ne mai ladabi in ba a taɓa masa lissafi ba.

"Yaya Haladu, wallahi ba raini ba ne. Kowa ya san abin da ka yi wa ƙungiyar nan. Amma wasa tara ka buga bana, harbi goma sha ɗaya, ci babu. Hussaini wasa huɗu kawai aka sa shi, ya ci uku. A bezbol da tuni an sallame ka da godiya."

"A bezbol ɗin da kulki suke bugawa," in ji Abdulghaffar. "Kai dai faɗa mini, wasa nawa muka sha kashi bana?"

"Ɗaya."

"Wanne?"

"Na Aziziyya."

"Wa bai zo ba ranar?"

Kowa ya san Haladu ne, domin ranar ce ya kai 'yarsa Razan asibiti.

"Ka rubuta wannan a takardarka?" Abdulghaffar ya ci gaba, ya samu fili. "Ranar golanmu, sabon zuwa daga Katsina, ya fito zai kama ƙwallo ya ce wa ɗan baya, bari! Ɗan bayan kuwa haifaffen nan ne, Hausarsa ba ta wuce ina kwana ba. Shi barra ya ji, wato ya fitar da ita waje. Ya tashi ya sa mata kai, ta tsallake gola ta shige ragarmu. Da Abu Razan na fili da tun daga gaba ya kwarara masa ihu da Larabci. Rabin ƙungiyar nan ba sa jin rabin. Shi ne ke faɗa wa Meshari yamin, ya juya ya faɗa wa naku dama. Ina layin wannan a takarda?"

"Tafinta muke nema ko ɗan gaba?" wani ya jefo daga baya. "In tafinta ne a ba shi lasifika ya tsaya a bakin fili!"

Kai, mutanen Hindawiyya da gardama! Nan take majalisa ta rabe biyu. Masu cewa ƙwallo a raga ita ce ƙwallo, da masu cewa ƙwallaye goma sha ɗaya na Meshari ai ba daga sama suka faɗo ba. Wani tsoho ya rantse shi ya ga Haladu ya ci biyar ɗin da idonsa, da aka matsa masa sai ya ce a shekarar da aka yi ambaliya ne. Mai shago ya daina gasa tamis ya shiga zancen, har burodi biyu suka ƙone.

Duk wannan bai taɓa Haladu ba. Abin da ya taɓa shi Hussaini ne. Yana can gefe a zaune shi kaɗai da kofin shayi, dogon saurayi ɗan Damagaram mai wankin motoci, bai ce uffan ba. Da Haladu ya karɓi kwanonsa zai wuce, Hussaini ya miƙe ya gaishe shi hannu biyu.

"Yaya, ni fa ban ce komai ba. Abin da Kawu ya ce shi ke nan. Allah ya ba mu sa'a."

Haladu ya lura da sabon takalmin ƙwallo a cikin leda kusa da ƙafarsa, ko takardar farashi ba a cire ba. Ya amsa da amin, ya tafi gida.

A masallaci ma ba a ƙyale shi ba. Ana sallame Juma'a, wanda ke gefensa ya miƙo masa hannu, maimakon gaisuwa sai ya buɗe yatsu biyar yana murmushi.

Da ya dawo ya zauna gaban abinci yana juya cokali. Sauda ta gama da akwatin, ta ɗaure shi da igiya tunda zif ya ƙi.

"Ka ci mana. Mai ƙwallo biyar ai sai da ƙarfi."

"Sauda, bar wasan nan. Ina son in buga wasan yau, wallahi ina so kamar in yi kuka. Amma kuskure ne. Tsohon nan idonsa ya yi rauni, ya ga sifili ya ce biyar. In na yi shiru na shiga, na ci haƙƙin yaron nan."

"To ka faɗa masa."

"In na faɗa masa ya cire ni. Kawu ya yi alkawari gaban mutane zai bi takarda."

"To kada ka faɗa."

"Ke kam ba ki da amfani a shawara."

"Shekara goma sha ɗaya ina wanke maka jesi mai warin ƙafa," in ji Sauda. "Na san ka. In ka yi shiru, har mu tsufa a Kano kana tashina kana ce mini kin tuna Hussaini. Ni ba zan iya ba. Ga jakarka can, na sa takalmin a ciki, ko ka buga ko ka zauna a kansa."

Ya isa Mahjar tun kafin a kira la'asar, don ya riga kowa. Fili ne na ciyawar roba da aka kewaye da waya, tsakanin wani gareji da sito, zafi na tashi daga ƙasa har yana shiga tafin takalmi. Kawu Rafi'u kaɗai ya tarar, zaune a kan kujerar roba a inuwar katanga, da farar jallabiya da usur a wuya. Ya haura saba'in. Kakansa ne ya zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan bai koma ba, shi kuwa Kawu ko sau ɗaya bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma shi ya kafa Zaratan, kuma shi ya fara ba Haladu jesi a makon da ya sauka Jidda bai san kowa ba.

Haladu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, magana ce da ni."

"Gwiwar ce?"

"A'a. Takardar ce. Kawu, abin da ka gani gaban sunana ba hamsa ba ne. Sifili ne, irin na boko. Ban ci ko ɗaya ba bana. Hussaini ne ya cancanta."

Ya faɗe ta a tare don kada zuciyarsa ta hana shi ƙarasawa. Da ya gama sai ya sunkuyar da kai yana kallon ciyawar roba.

Kawu ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a hankali, ya ƙura mata ido.

"Ni dai hamsa nake gani."

"Kawu, ai kana wurin duk wasannin."

"Ina wurin. Na ce zan zaɓa da abin da idona ya gani a fili, kuka ce a'a, tsoho na son kai, a bi takarda. To na bi takarda. Yanzu kuma takardar ce ba ta yi muku ba? Ku mutanen Najeriya me kuke so ne?"

"Amma Hussaini..."

"Hussaini zai shiga bayan hutu, in ka fara haki kamar tsohon mukayyif. Shekararsa ashirin da uku, Juma'o'i na nan gabansa sun fi gashin kansa. Kai nawa suka rage maka?"



"Halas," in ji Kawu. Ya waiga ya dubi ƙofar fili ya yi tsaki. "Shi kuma ustazun lissafin, shi na ba jesuna ya kai wanki, ga shi har yanzu babu shi. In ya yi fushi ya riƙe su, tsirara za ku buga? Wayata a kashe take. Fito da taka ka kira shi."

"Ba ni da lambarsa a nan, sabon layi ne."

"Ga ta ya rubuta a ƙasa. Danna, ni zan karanto."

Haladu ya fito da waya. Kawu ya riƙe takardar da hannu ɗaya, ko gilashi bai sa ba, ya fara karantowa tiryan-tiryan.

"Sifir. Hamsa. Hamsa. Sifir. Talata. Sifir..."

Yatsan Haladu ya tsaya a kan waya. Ya ɗago ya leƙa takardar. Ga lambar nan da rubutun Zaharaddeen, lambobin boko tsaf, ƙwai na farko ƙato, irin wanda ke gaban sunansa sak, biro ɗaya, hannu ɗaya. Kusa da shi ga biyar ta boko da ƙugiyarta. Tsohon bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai a lokacin Haladu ya tuna cewa shekara talatin Kawu ya yi yana sayar da kayan gyaran mota, yana karanta lambobin da aka buga a Japan da Jamus.

Ya dubi Kawu. Kawu ya dube shi, fuska ba alamar dariya, sai gefen gemunsa da ke ɗan motsi.

"Me ka tsaya kallo? Danna mana, rana na tafiya."

Haladu ya ƙarasa dannawa. Zaharaddeen ya ɗauka, ya ce ga shi nan a kwana da jesunan, kuma yana da magana da Kawu a kan takarda.

"Ce masa takarda ta yi kyau," in ji Kawu. "Ce masa ban taɓa ganin rubutu mai fita irin nasa ba."

Motoci suka fara tsayawa a bakin waya. Daga nesa ana jiyo Abdulghaffar yana rera hamsa, hamsa, wasu na amsa masa da sifili. Haladu ya zauna a ƙasa ya buɗe jaka, ya fito da tsohon takalminsa. Ya daɗe yana ɗaure igiyar, domin idonsa ya cika da ruwa ba ya ganin ramukan sosai.

Kawu ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya dafa kafaɗarsa ya miƙe.

"Yalla, Abu Razan. Ka yi ƙoƙari ka ci ɗaya yau, ta zama shida."